Siddo Mai Ruwa da Busasshiyar Riga

Siddo ɗan Alfari ne, Alfari ɗan Seyni, Seyni ɗan Mahamadu wanda ya gangaro daga wajen Karimama a cikin kwalekwale, ya kafa bukka a bakin kogi, ƙasa kaɗan da inda gadar Malanbil take a yau. Dukansu masunta ne, kuma manoman shinkafa idan ruwa ya janye. Mahaifiyarsa Mariyama ƴar Bengu ce, daga gidan masu dafa gishiri a fadamar Foga, kuma a gaban tukwanen gishiri ta yi ƙuruciyarta. A gida Dendanci ake yi. Hausa ta kasuwa ce, da tasha, da filin ƙwallo. Siddo ne ɗan fari, saboda haka uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Bayansa an haifi waɗanda ba su zauna ba, sai can daga baya aka sami Alassan.

Ba Siddo ne ɗan ƙwallon gidan ba. Yana saurayi kwalekwale ya danne masa ƙafar hagu a kan dutse, ta warke a karkace, tun daga nan yake jan ta kaɗan in yana tafiya. Alassan ne mai gudu. A shekarun da sojoji suke mulki, lokacin da kowace unguwa take da samariyarta, wato ƙungiyar matasanta, kowace samariya kuma take son a san da ita, Alassan ne yake riƙe da gefen dama a ƙungiyar garin Gaya. Siddo kuwa ruwa aka ba shi. Kayan aikinsa bido biyu ne, wato jarkokin ruwa, da moɗa ɗaya, wurinsa kuma gindin giginyar da ke bayan raga.

Wanda bai taɓa wasa a Gaya ba zai ɗauki aikin ƙarami. Zafin garin jiƙaƙƙe ne, mai nauyi. Tururin kogi yana zaune a kan gari, iska ba ta ɗauke gumi, sai ya tsaya a jikin mutum ya yi ta gangarowa. Ɗan wasa yakan yi gudu kaɗan rigarsa ta manne masa a baya, ƙafafu su yi nauyi, kai ya soma juyawa. In aka bar shi haka, tsokar ƙwauri takan ɗaure, ya faɗi yana kururuwa. In kuma aka sakar masa moɗa ya sha iya son ransa, ruwa ya riƙa ƙugi a cikinsa, suka ta kama shi a kwiɓi, ya koma tafiya a tsakiyar fili kamar mai dawowa daga biki. Aikin Siddo shi ne ya hana duka biyun.

Ma'auninsa daga ubansa ya gada. Alfari, ranar gayyar yankan shinkafa, ba ya tambayar kowa ko yana jin ƙishirwa, domin ya lura malalaci ne yake fara kukanta, mai aikin gaske kuwa yakan manta da ita har ya faɗi. Tafin hannu yake ɗorawa a bayan mutum. Haka Siddo ya yi wa ƴan wasansa. Idan an tafi hutun rabin lokaci sai su jeru a gabansa, kowa ya juya masa baya. Ya dafa tsakanin kafaɗu, ya kama gefen riga ya murɗa. In ta ɗiga, moɗa cike. In damshi ne kawai, rabi. In a bushe take, babu ko ɗigo, sai baƙar magana, domin mai busasshiyar riga a filin Gaya bai yi komai ba face tsayuwa. Shekaru yana haka ba a taɓa ɗaukar ɗan wasansa a kafaɗa ba. Alhaji Kabo, mai manyan motoci a tasha, wanda shi ne uban ƙungiyar, ya laƙaba masa Sarkin Ruwa, sunan kuma ya bi shi.

A shekarar da iyakar Najeriya take rufe, motocin Alhaji Kabo suna ajiye suna tsatsa, labari ya zo cewa za a yi musayar ziyara tsakanin matasan kudu da na arewa, don ƴan ƙasa su san juna. Ƙungiyar Gaya ta sami wani gari a cikin duwatsun Abzin, can gaba da Agadas. Tsakiyar lokacin sanyi ne. Alhaji ya ba da kamiyo ɗaya daga cikin manyan motocinsa, ya ce shi ma da shi za a je.

Mariyama ba ta so tafiyar ba. Alfari ya riga ya rasu, kuma Alassan ne yake tura kwalekwalen gidan. Da safen da za su tashi tana tsugune tana gyaran kifi, ba ta ɗaga kai ba ta yi magana.

"Kai," ta ce da Siddo, "ƙasar da ba kogi za ku je."

"Da bidona zan je, Inna."

"Yadda ka ɗauke shi, haka za ka maido mini shi."

Alassan ya yi dariya daga bakin ƙofa. "Inna, buhun shinkafa ne ni? Shi za ki ce in maido miki, da wannan ƙafar tasa."

"Rufe mini baki, mai wuyan zalɓe," in ji Siddo. "Ɗauki bido ɗaya mu tafi."

Tafiyar ta yi tsawo. Giginya ta ƙare, gero ya ƙare, sannan itatuwa ma suka ƙare. Da suka wuce Agadas hanya ta soma hawa, kamiyon yana nishi a kan duwatsu baƙaƙe. Samarin da suka taso suna waƙa suka yi tsit, kowa ya cusa hannuwa a hammata. Su a saninsu hamada wuta ce, don haka yawancinsu da riga ɗaya da mayafi suka zo. Leɓɓansu suka tsage. A hanya ba wanda ya nemi ruwa sosai, domin sanyi yana kashe ƙishirwa, Siddo kuma ya ji daɗi da ya ga bidonsa ba sa raguwa.

Sun isa da hantsi. Garin yana cikin kwari a tsakanin duwatsu, da lambuna da dabinai, sama kuma shuɗiya wadda ba su taɓa ganin irinta ba. Kashegari da asuba Siddo ya je ɗiban ruwan alwala a kwanon da aka bari a waje, ya tarar wani abu kamar madubi ya rufe samansa. Ya taɓa da yatsa, ya fashe. Ya daɗe yana kallo. A nan ya ƙudurta cewa ruwa mai irin wannan sanyi ba zai shiga ƙirjin ɗan wasan da ya yi zafi ba sai dole, domin a Gaya kowa ya yarda haka ake kamuwa da ciwon haƙarƙari.

Da suka fita motsa jiki, abin ya ba su mamaki. Gudun da suke yi a gida ba tare da sun sani ba, a nan ya sa su haki kamar sun hau tudu da kaya. Mutum yakan ja numfashi har ƙirji ya cika, ya ji kamar bai ja komai ba. Ƙwallo kuma in an buga ta, sai ta wuce inda aka nufa. Tsoka ta ƙi sakewa, yatsun ƙafa sun mutu a cikin takalma. Alassan ya tsaya ya dafa gwiwoyi.

"Yaya, iskar garin nan an tsinka ta da ruwa," ya ce.

"Tuwon da ka ci jiya ne ya danne ka."

Mai masaukinsu wani dattijo ne Ba'abzine, mai lambu, wanda ya naɗe fuska har ido kawai ake gani. Yana zaune yana dafa shayi yana kallonsu. Tsakanin mutanensa da mutanen kogi akwai wasa tun na kakanni, kuma tun saukarsu bai bar su sun huta ba.

"Kai mai bido," ya ce da Siddo, "kifayen nan naka, ka riƙa jiƙa su. Kifi a kan dutse banda yake zama."

"Mu da ruwa muka tashi, tsoho. Kai da kake wanka da yashi ne za ka koya mini?"

"Ba su su sha, na ce. Nan ba a jin ƙishirwa, sai ta kayar da mutum."

"In na ba su, raƙuminka ya sha me?"

Aka yi dariya har da Alhaji Kabo. Dattijon ma ya yi, ya miƙa wa Siddo ƙaramin kofin shayi. Maganar ta tafi a cikin wasa, yadda duk maganganunsu suka tafi tun jiya.

An yi wasan bayan la'asar, a wani fili mai tsakuwa wanda aka ja wa layi da toka. Wani hafsan soja ya zauna a kujera a ƙarƙashin rumfa, ƴan lakwal, yaran makaranta, suka yi taken ƙasa. Rana tana nan amma ba ta da zafi, iska kuma tana saukowa daga kan dutse tana ratsa riga. Ƴan gida sun saba, suna gudu ba haki. Ƴan Gaya kuwa tun da wuri suka soma tsayawa, nauyin wasan duka ya koma kan Alassan. Ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Duk ƙwallon da ta rasa mai karɓa, gefen dama ake jefa ta. Siddo ya gani da idonsa cewa ƙaninsa yana gudun mutum uku.

Da aka busa hutu suka zo suka jeru, suka juya masa baya kamar kullum. Ya dafa na farko, a bushe. Na biyu, a bushe. Ya murɗa gefen rigar mai tsaron raga, ko damshi babu. Ya bi layin har ƙarshe, hannunsa bai jiƙe ba ko sau ɗaya. Yawancinsu ma ba su nema ba, rawar ɗari suke yi. Alassan ne na ƙarshe. Idanunsa sun faɗa, kuma akwai wani farin abu da ya zana masa baya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya gangaro ta gefen haƙarƙari. Siddo ya ɗauka tokar layi ce, ya kaɗe ta da hannu, ba ta fita ba.

"Yaya, ba ni kurɓi ɗaya."

Siddo ya dafa. Ya sake dafawa. Ya kama gefen rigar ya murɗa har ta yi ƙara.

"Dubi rigarka," ya ce, "kamar ta liman ranar Juma'a. Me ka zubar da zan mayar maka?"

Ƴan wasan suka yi dariya, irin ta masu sanyi, gajeriya.

"Wallahi harshena kamar itace."

"Sanyi ne. In na zuba maka wannan ƙanƙarar a ƙirji, me zan gaya wa Inna? Je ka jiƙa ta, ka dawo in ba ka biyu."

Alassan ya dube shi, ya dubi bidon, ya lashi leɓe. Bai yi gardama ba, domin bai taɓa yi wa wansa gardama a kan ruwa ba. Ya koma fili.

Ba a daɗe da komawa ba aka jefa masa ƙwallo a gefe. Ya bi ta, ya wuce mutum ɗaya, ya wuce na biyu, sannan gudun ya soma raguwa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ya yi tafiya taku kaɗan. Ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya kwanta a gefensa a hankali kamar mai shirin barci. Ƴan kallo suka ɗauka dabara ce, wasu har da sowa. Siddo ya taso da bido yana jan ƙafa a kan tsakuwa, kuma filin ya yi masa faɗi. Da ya iso ya ɗaga kansa ya kai moɗa bakinsa, ruwan ya bi gefen baki ya zube a ƙasa.

An ɗauke shi a motar sojoji zuwa ɗakin shan magani na garin. Likitan da ke wurin ya yi iyakar abin da yake da shi. Kafin a kira magariba Alassan ya cika.

Likitan ya fito ya zauna kusa da Siddo a kan dakali, ya yi masa bayani da Hausa a tsanake. Ya ce a wannan ƙasa iska busasshiya ce ƙwarai, tana shanye gumi tun bai taɓa riga ba, tana kuma kwasar ruwa daga kowane numfashi. Mai haki kuwa numfashinsa ninki ne. Ya ce a kan tudu iska ba ta ƙosar da jini yadda take yi a bakin kogi, sai zuciya ta ƙara aiki, jinin da ya rasa ruwa kuma kauri yake yi. Ya ƙara da cewa wataƙila akwai wani abu a jinin mamacin tun haihuwa wanda bai taɓa nunawa ba sai yau, kuma ba wanda zai iya rantsewa cewa moɗa ɗaya da ta canza wani abu. Siddo ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya gode. Ya tambaya ina ake samun likkafani a garin.

Da safe aka binne shi a gindin dutse. Ƙasar ta yi tauri, sai da aka sa ƙarfe. Dattijon mai lambu shi ya shiga ramin ya karɓi gawar, bai ce da Siddo komai ba sai gaisuwar da ake yi wa kowa. Siddo bai yi kuka ba. Ya tsaya inda aka tsayar da shi, ya amsa abin da aka ce ya amsa. Da aka watse ya je ya cika bidonsa a rijiyar lambu, domin akwai hanya a gaba. Rigar wasan ya ninke ya sa a aljihun babbar rigarsa.

A hanyar dawowa Alhaji Kabo ya sa shi a gaba kusa da direba. Can wajen Dogonduci Alhaji ya ce, "Sarkin Ruwa, kwana ne ya ƙare." Siddo ya ce, "Haka ne, Alhaji." Da giginya ta soma bayyana, zafi ya dawo, ya ji rigarsa tana manne masa a baya. Ya kai hannu ya taɓa, ya dubi tafinsa.

Saƙo ya riga su isowa, gida cike da mata. Mariyama tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Siddo ya durƙusa a gabanta, ya fitar da rigar ya ajiye. Bai san abin da zai ce ba, sai ya faɗi abin da ya sani.

"A bushe take, Inna. Na taɓa sau biyu. Bai yi gumi ba."

Ta warware rigar a kan cinyarta. Ta bi farin zanen da yatsa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ta kankare kaɗan da farce, ta ɗora a harshe. Mace ce da ta yi shekaru tana kallon tukunya a kan wuta har ruwa ya tafi, farin ya saura a gefe.

"Gishiri ne," ta ce.

Siddo ya ɗago kai ya dubi rigar.

"Wannan duka ruwa ne da ya fita," in ji ta.

Ta ninke rigar yadda ya kawo ta, ta sa a ƙarƙashin tabarma. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zarge shi ba, a ranar ko bayanta. Ta ce a kawo masa abinci, ya yi tafiya mai nisa. Ya ci. Har ta rasu, shekaru bayan haka, ba su sake tayar da maganar ba, shi kuma bai sake ganin rigar ba.

Ya karɓi kwalekwalen gidan, ya tura shi da ƙafarsa karkatacciya. Ya yi aure, ya haifi ƴaƴa mata. Mutane sun zaci ya bar filin ƙwallo ke nan, amma da aka yi sadakar arba'in sai ga shi a gindin giginya da bido biyu. Abu ɗaya ne ya sake. Da ƴan wasa suka jeru suka juya masa baya, ya ce su juyo. Ya ba kowa moɗa, mai gumi da marar gumi, wanda ya yi gudu da wanda ya tsaya. Ya ba su kafin a fara, ya ba su a hutu, ya tsaya a bakin layi yana miƙa wa duk wanda ya matso. Samari suka yi ta gunaguni cewa cikinsu yana ƙugi, wasu suka ce Sarkin Ruwa ya taɓu. Ya ci gaba da miƙa moɗarsa. Ba ya kallon inda ƙwallo take, ba ya sowa in an ci, ba ya tsaki in an sha kashi. Sau da yawa sai ya tambayi wani a hanyar gida yadda aka tashi.

Iyaka ta buɗe, motocin Alhaji suka koma hanya. Mulkin soja ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Waɗanda suka je Abzin suka tsufa, ƴaƴansu suka shiga filin, bidon ƙarfe ya koma na roba. Siddo yana nan a wurinsa.

Wata rana da yamma a lokacin sanyi, Alhaji Kabo, wanda a lokacin sai da sanda yake tafiya, ya sa aka kawo masa kujera kusa da giginyar. Ya ga Siddo ya tare wani ɗan wasa da bai ko shiga fili ba, ya tilasta masa shan moɗa guda.

"Sarkin Ruwa," ya ce, "yau kam ko akuya ba ta neman ruwa. Da can da tafin hannu kake sanin mai buƙata, duk garin nan ba kamarka. Likitan ma ya ce ba lalle ruwan ba ne, ina wurin. Me ya sa har yau ba ka ko taɓa su?"

Siddo ya ɗauraye moɗar, ya kife ta a kan bido. Ya dubi tafin hannunsa na dama, ya goge shi a jikin riga.

"Alassan ya gaya mini da bakinsa, Alhaji," ya ce. "Na bar bakinsa na tambayi hannuna. To, na daina tambayar hannun."